Kifin buri ya ƙi girma bayan wata takwas, yawan da muka zuba ne ko me?

Dan_Kurna:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu kiwon kifi musamman waɗanda suka san harkar a nan Masar ku taimaka min da shawara, abin ya dame ni sosai wlh.

Karatu ne ya kawo ni nan, na gama bara sai na haɗa ƴan kuɗin da na tara da wanda yayana ya turo min na shiga haɗin gwiwa da wani abokina Bamisire da muka yi aji ɗaya, mahaifinsa yana da kududdufan kifi a Kafrul Shaikh can wajen tafkin Burullus. Suka ware mana guda ɗaya mai faɗin fadan 3, ga wanda bai sani ba fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, ya ɗan fi eka kaɗan. Muka zuba karfasa wadda su suke kira bulɗi, sai kuma muka haɗa da buri, wato kifin tekun nan mai launin azurfa mai faɗin kai wanda suke yin fasik da shi, wani kifinsu da ake jiƙawa da gishiri ya tsumu. A littafi Mugil cephalus ake rubuta sunansa.

Toh inda matsalar take, lokacin zubi tsohon ya ce a saka buri 1,200 a kowane fadan, ni kuma na ga abin ya yi kaɗan ƙwarai, don a gida Kano babanmu yana kiwon tarwaɗa kuma na san yadda muke cika tankin siminti ƙarami da kifi dubu su girma lafiya, sai na ga ta yaya za a bar fili haka kamar filin ƙwallo da kifi ƴan kaɗan. Na matsa har aka zuba 5,000 a kowane fadan, jimla 15,000, kuma kuɗin ƙarin daga aljihuna ya fita. Tsohon bai yi gardama ba, ya ce kawai kuɗinka ne. Yanzu wata takwas kenan, shekaranjiya muka ja taru a gefe ɗaya don mu duba, karfasa ba laifi amma burin mafi yawa gram 250 zuwa 300 ne, ƙalilan ne suka kai rabin kilo, alhali na maƙwabcinmu da muka zuba kusan lokaci ɗaya yana kai 700 har sama. Abinci kuwa ba mu gaza ba, buhun da ake ba na maƙwabta shi muke bayarwa.

Shin yawan ne ya jawo ko akwai wani abu daban? Kuma yanzu Nuwamba ce sanyi ya fara shigowa, mu kwashe mu sayar a haka ko mu bar su? Ngd.

Abu_Sumayya:

Wa alaikumus salam ƙanina. Na yi shekara shida ina aiki a gonakin kifi tsakanin Dimyaɗ da Bur Sa'id kafin na koma harkar kaya a Alƙahira, don haka abin da zan gaya maka da hannuna na yi shi. Amsar a taƙaice eh yawan ne, kuma tsohon nan gaskiya ya faɗa maka, 1,000 zuwa 1,500 a fadan shi ne abin da aka saba idan an haɗa buri da bulɗi. Idan buri ne zalla babu wani kifi tare da shi ana kaiwa 2,500 zuwa 3,000. Kaga kai ka zuba fiye da abin da ake zubawa ko da shi kaɗai ne a ruwan, sannan ga bulɗi dubbai a kansa.

Inda lissafin tarwaɗa ya ɓatar da kai shi ne, tarwaɗa abincinta daga buhu yake fitowa gaba ɗaya, ka ƙara kifi ka ƙara buhu shikenan, kuma Allah ya yi mata wata halitta a kai da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi ya sa ko ruwa ya lalace tana nan da ranta, ko a kwandon mai talla ma tana daɗewa ba ta mutu ba. Buri ba haka yake ba sam. Shi kiwo yake yi a ƙasan kududdufi kamar yadda tunkiya take kiwo a fili, yana ɗibar taɓo da bakinsa yana tace gansakuka da ruɓaɓɓen ganye da ƙananan halittun da ido ba ya gani, ya furzar da sauran. In ka taɓa fede shi za ka ga yana da ƙundu mai tauri kamar na kaza da hanji dogo sosai, saboda irin wannan abincin. Toh kaga abin da zai ci ya danganta da faɗin ƙasan kududdufin ne, kuma faɗin nan ba ya ƙaruwa don ka ƙara kifi.

Shi kuma abincin buhun da kake cewa ba ku gaza ba, na tabbata mai yawo a saman ruwa ne ko? Bulɗi ne yake cinye shi tun kafin ya jiƙa, bulɗi yana da zafin nama a wajen ci, buri sai dai ya samu ɓurɓushin da ya faɗi ƙasa da kashin bulɗin kansa. Ai hikimar haɗa su kenan tun asali, ɗaya yana sama ɗaya yana share ƙasa. Amma ɓurɓushin da zai ƙosar da 3,600 shi ne aka raba wa 15,000.

Bari mu yi lissafi da alƙalumanka. A ce cikin 15,000 ɗin nan 11,000 ne suka rayu, don buri yana mutuwa da yawa a farkon zubi, sau gram 280 ya ba ka tan 3 da ɗan kai. Da kun bi maganar tsohon, 3,600, a ce 3,000 suka rayu kowanne gram 800, tan 2 da kilo 400 kenan. Ka duba da kyau, ka ninka irin sau huɗu amma nauyin da ya ƙaru bai kai tan ɗaya ba. Ruwan naku dama abin da zai iya bayarwa na buri kenan, wajen tan ɗaya a fadan, ko ka raba shi manya ko ka raba shi ƙanana. Kuma a kasuwa ba kuɗinsu ɗaya ba, ka je kasuwar Ubur da ke wajen Alƙahira da asuba ka gani, buri ana ware shi ne bisa girma, wanda ɗaya ya kusa kilo farashinsa daban, wanda huɗu ke cika kilo farashinsa daban, kuma tazarar ba ƙarama ba ce.

Maman_Hanif:

Slm. Ina karatun digiri na biyu a fannin kiwon kifi a nan, kuma na yarda da kusan duk abin da Malam Abu Sumayya ya faɗa, sai dai kafin a ɗora wa yawa laifin duka ina da tambaya biyu ga mai tambaya. Wane wata kuka sayi irin, kuma yaya girmansu yake ranar da kuka zuba?

Dalilina shi ne, ƴaƴan buri da ake kiwo a Masar kusan dukkansu ba ƙyanƙyasa su ake yi ba, kamo su ake yi daga bakin tekun Bahar Rum a wuraren da ruwan daɗi yake haɗuwa da na gishiri, su ake kira zari'a. Kuma ba iri ɗaya ne yake fitowa ba. Buri na ainihi ƴaƴansa suna bayyana ne daga ƙarshen zafi zuwa farkon hunturu, wajen Agusta zuwa Disamba. Akwai ɗan'uwansa da suke kira ɗubara, shi nasa ƴaƴan sun fi fitowa cikin hunturu zuwa farkon bazara. Suna ƙanana wlh ko wanda ya daɗe a harkar sai ya lura sosai kafin ya bambance su, kuma ɗubara ba ya saurin girma kamar buri komai kulawar da ka ba shi. Idan wata takwas da suka wuce kuka zuba, Maris kenan, kuma in ƴan mitsi-mitsi aka kawo muku a lokacin toh ina jin tsoron ɗubara ne da yawa a ciki.

Yanzu da suka girma abu ne mai sauƙi ka gane. Ka ɗauko guda ashirin ka duba idonsu, buri na ainihi yana da wata fata mai kama da kitse garai-garai da ta rufe yawancin idon ta bar tsaga a tsakiya, kuma kansa faffaɗa ne a baje in ka kalle shi daga sama. Ɗubara kusan ba shi da wannan fatar kuma kansa ya fi tsukewa.

Abu na biyu, maganar da ake yi cewa buri yana kai gram 750 zuwa kilo ɗaya cikin wata bakwai ko takwas gaskiya ce amma daga kifi mai gram 10 zuwa 15 ake fara ƙirgawa, wanda ya riga ya yi wata huɗu zuwa shida a ƙaramin kududdufin reno, hadana. A can ne ake cika su da yawa, suna ƙanana cunkoso bai damunsu sosai don abin da kowanne yake buƙata kaɗan ne. Mutane da yawa suna ganin yawan da ake zubawa a hadana sai su ɗauka haka za a yi a babban kududdufi. Yawan da ya dace yana tafiya ne da girman kifin, yana girma kana rage shi.

Dan_Kurna:

Nagode sosai Yaya Abu Sumayya, nagode Anti. Bayanin tunkiyar nan ya shige ni, gaskiya ban taɓa tunanin ƙasan ruwan ne abincinsa ba, ni a kaina kifi kifi ne kawai.

Game da tambayarki Anti, kashi biyu ne. Na farkon 3,600 ɗin na tsohon ne daga hadanarsa, ya rene su tun kaka, sun kai tsawon ɗan yatsa. Ƙarin 11,400 ɗin ni na saya a hannun wani dillali a Maris, kuma ƙanana ne sosai kamar tsinken ashana, ya rantse min buri ne zalla. Yau da safe na je na sa yaran suka jefa birgi na duba ido kamar yadda kika ce, cikin 25 guda 9 ne masu fatar idon, sauran babu. Amma abin da ya ƙara ɗaure min kai ko su 9 ɗin ma ba su kai na maƙwabci ba, mafi girman cikinsu gram 520 ne. Sannan na manta ban faɗa ba, a Yuli da Agusta sau uku muka tashi da asuba muka tarar kifi duk sun taso sama suna buɗe baki, sai da aka kunna famfo aka sako ruwa, badala, wato injin da ke kaɗa ruwa don iska ta shiga, ɗaya ce kawai a kududdufin.

Abu_Sumayya:

Toh kaga amsar ta fito da kanta ƙanina. Maman Hanif ta yi gaskiya an haɗa maka da ɗubara, wannan kuma abu ne da ake yi wa baƙi har ma da ƴan gari, shi ya sa tsofaffin masu gona suke reno da kansu ko su sayi wanda ya yi girman yatsa wanda za a iya ganewa. Amma 9 ɗin nan su ne hujjata. Buri na ainihi ne, an rene su yadda ya kamata, iri ɗaya da na maƙwabci, ruwa ɗaya daga magudana ɗaya, amma suka tsaya a rabin kilo. Me ya tsayar da su in ba baki 11,000 da aka ƙara musu a kan akushi ɗaya ba? Ɗubara shi ma ƙasan yake kiwo, abincinsu ɗaya.

Maganar tasowa da asuba kuwa ita ma daga cunkoson take. Da rana koren ruwa yana samar da iskar oksijin, da dare kuwa kowa shaƙa yake yi, kifi da gansakuka da taɓon ƙasa duka, sai a wayi gari ta ƙare, kuma ruwan zafi dama ba ya riƙe iska sosai. Mutane suna ƙirga asara ne in sun ga gawa, amma ni abin da na lura kifin da ya kwana yana haki ko bai mutu ba washegari ba ya cin abinci yadda ya kamata, kuma sau uku ɗin da kuka gani da ido akwai darare da yawa da iskar ta yi ƙasa ba ta kai su tasowa ba. Watannin zafin nan kuwa su ne ainihin lokacin girma a Masar, in ya wuce ya wuce. Badala ɗaya a fadan 3 da wannan yawan ta yi kaɗan.

Shawarata yanzu, bulɗi ku kwashe shi kafin sanyi ya yi ƙarfi don shi ba ya jurewa, in ruwa ya yi sanyi sosai mutuwa yake yi. Buri ya fi shi juriya nesa ba kusa ba. Lokacin kwasa ku ware, ɗubara ku sayar da mafi yawansa a haka, yana da masu saye, talakawa suna sonsa don ya fi araha. Burin ainihin da ya rage ku mayar da shi kududdufi mai zurfi ya yi hunturu, ba zai ƙara wani nauyi ba daga Disamba zuwa Fabrairu amma in zafi ya dawo ya samu fili shi kaɗai zai rama, wanda ya yi zango biyu yana kai kilo ɗaya da rabi. Sai dai ku yi hattara wajen kamu, buri kifi ne mai tsoro da tsalle, yana tsallake taru, kuma da zarar ɓawon jikinsa ya saɓule sai ciwo ya kama wurin ya mutu bayan kwana biyu uku. Da sassafe za ku yi, hannu a jiƙe, kar a tara su a kwando kamar tarwaɗa, daga ruwa sai ruwa.

Sani_Fish_Bussa:

Ni dai ban yarda da maganar a bar su zango na biyu ba sai an yi lissafi. Ni tarwaɗa nake kiwo a New Bussa ban taɓa ganin burin nan da ido ba amma kasuwanci ɗaya ne ko ina, kududdufin da zai riƙe tsohon kifi shekara guda ai da an zuba sabo a ciki, ga kuɗin gadi ga na wuta ga haɗarin sata, kuma kuɗin yayansa yana ciki a daskare. Wani lokacin gara ka karɓi asara ƙarama yau. Sannan tambaya ta, tunda kun ce yana rayuwa a ruwan daɗi kuma ba ya cin buhu sosai, me zai hana mu gwada a nan Najeriya? Don tsadar abincin tarwaɗa ta kusa korar mu daga sana'ar wlh.

Maman_Hanif:

Malam Sani maganarka ta lissafi tana kan hanya, amma ba sai kududdufin ya zauna don su kaɗai ba. In bazara ta yi za su zuba sabon bulɗi kamar kullum, sai tsofaffin burin su zama su ne rabon buri na wannan shekarar, ba sai an sayi sabon iri ba. Sharaɗi kawai a rage yawansu ƙasa da 1,200 a fadan tunda yanzu kowanne rabin kilo ne ba gram 15 ba, ƙasan da kowanne zai kiwata ya fi yawa. Kuma akwai wata riba, macen buri da ta manyanta tana yin ƙwai wanda suke gishirtawa su busar, baɗarik, yana da tsada sosai, a Taiwan ma saboda ƙwan ake kiwon kifin shekara biyu uku. Wanda kuma yake buƙatar kuɗi da wuri zai iya fitar da wani kashi gab da Shammun Nasim, bikin bazara na Misrawa, lokacin da masu fasik suke neman buri, bikin yana faɗowa ne ranar Litinin bayan Istar Kibɗawa.

Game da Najeriya, kifin yana nan a gaɓar tekunmu, akwai shi a lagun ɗin Legas da fadamun Neja Delta, kuma akwai tashar binciken kiwon kifi a ruwa mai ɗan gishiri a Buguma ta jihar Ribas. Matsalar iri ce. Yana girma a ruwan daɗi lafiya lau amma ba ya haihuwa a ciki, sai ya koma teku yake zuba ƙwai, don haka ba za ka yi masa yadda kuke yi wa tarwaɗa a bayan gida da allura ba. Duk shekara sai an kamo ƴaƴan daga gaɓa, a saba musu da ruwan daɗi a hankali ana rage gishirin kaɗan-kaɗan, in ka juye su lokaci ɗaya ƙarewa za su yi, sannan a ɗauko su tafiyar kwana zuwa arewa alhali ba sa jure wahala. Ba wai ba zai yiwu ba, a nan ma tafkin Ƙarun na Fayyum da mota aka yi ta kai masa ƴaƴan buri daga bakin teku shekara da shekaru. Kuma irin matsalar mai tambaya za ka iya haɗuwa da ita, don a ruwanmu ma dangin kifin sun fi ɗaya kuma ba duka suke girma sosai ba. Abu na ƙarshe, tankin siminti ko na tamfol ba zai yi ba, sai kududdufin ƙasa mai faɗi wanda aka sa wa taki ruwan ya yi kore. Yadda muke gwadawa ka tura hannu cikin ruwan, in tafin hannunka ya ɓace wajen gwiwar hannu toh daidai ne, in ya ɓace tun a wuyan hannu koren ya yi yawa a dakatar da taki a sako ruwa.

Dan_Kurna:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Jiya da daddare na zauna da tsohon da abokina na karanta musu abin da kuka rubuta ina fassarawa, ashe abin da ya riga ya shirya kenan, yana jira ne in buɗe baki da kaina. Na ba shi haƙuri don nasa 3,600 ɗin ma na tauye musu girma, na ce a cire wannan asarar daga kasona, ya ƙi, ya ce asara a kan jari take kowa gwargwadon abin da ya saka, sai da abokina ya shiga tsakani muka tsaya a kan kuɗin ƙarin irin ni kaɗai zan ɗauka tunda dama ni na saya.

Mun sa ranar Asabar mai zuwa za a fara rage ruwa a kwashe bulɗi. Akwai wani kududdufinsa na fadan ɗaya mai zurfin kusan mita biyu da ya ce za a zuba burin su yi hunturu. Yaya Abu Sumayya tambaya ta ƙarshe dan Allah, in mun samu kamar 2,800 zuwa 3,000 masu rabin kilo, fadan ɗayan nan zai ɗauke su har Maris ko nan ma cunkoson za mu sake yi?

Abu_Sumayya:

Zai ɗauka in sha Allahu, a sanyi ba sa ci sosai kuma ruwan sanyi yana riƙe iska, ajiya ce ba kiwo ba. Amma ku kai badalar can, ku riƙa sabunta ruwa kaɗan-kaɗan, abinci kuma sai ranar da rana ta fito sosai, ɗan dusar shinkafa da aka jiƙa ta nutse ya isa, in kun ga ba su taɓa ba kar ku ƙara. Da zarar ruwa ya fara ɗumi a Maris kar ku ƙara ko sati, ku raba su a fadan 3 ɗin. Ka sa a auna guda 30 ranar da kuka zuba ka rubuta a littafi, sai ka dawo nan ka gaya mana nawa suka rayu bayan kamun.